AMVCA, AMAA da Oscar: ina fim ɗin Hausa ya tsaya a cikinsu?

Duk shekara idan aka yi bikin raba kyaututtuka sai ka ga musu ya kaure a Facebook da TikTok, wani na cewa an zalunci gwaninsa, wani na haɗa bikin da ba shi ba ne. To bari in warware muku su, don gasar nan uku ba ɗaya ba ce.

AMVCA ita ce wadda muka fi sani. Kamfanin MultiChoice ne ke shirya ta ta hannun tashar Africa Magic, an fara a 2013, a Legas ake yi. Wasu rukunan alƙalai ne ke yanke hukunci, wasu kuma masu kallo ne ke kaɗa ƙuri'a. Shekaru da dama akwai rukunin da aka ware wa fim ɗin Hausa zalla, kamar yadda Yarbanci da Ibo suke da nasu. A nan ne Mansoor na Ali Nuhu ya ci a 2018, Voiceless ya ci a 2022, Aisha na Abubakar Bashir Maishadda ya ci a 2023.

Nan ne fa labari ya canza. A 2024 aka soke wannan tsari, aka zuba duk harsunan gida na Afirka ta Yamma a kwando ɗaya. Wato fim ɗin da aka yi a Kano da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, shi zai kara da na Yarbawa da aka kashe wa maƙudan kuɗi aka kai Netflix. Jagun Jagun ne ya ɗauka a 2024, Lisabi a 2025. Ni dai ban ga laifin fina-finan ba, sun yi aiki, wanda ya kalla ya sani. Amma maganar gaskiya, kujerar da muke da tabbacin samu duk shekara ta tafi, kuma yaron da ke koyon riƙe kyamara a Kaduna yau ba shi da wannan tsanin da na gaba da shi suka taka.

Za a ce ai Amina ya ci gwarzon fim gaba ɗaya a 2022. Haka ne, labarin Sarauniya Amina ta Zazzau ne, Izu Ojukwu ya ba da umarni, Ali Nuhu ma yana ciki. Sai dai kusan duk Turanci ake yi a cikinsa, kuma wasu kayan da aka sa wa 'yan wasa, Bazazzagi zai kalla ya ce wannan kuma daga wace ƙasa? Labarinmu ne, amma ba fim ɗin Kannywood ba ne.

AMAA daban take. Marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ce ta kafa ta a 2005, kuma alƙalai ne ke zaɓe, yawan mabiyanka ba zai yi maka komai ba. A 2020 The Milkmaid ya ci gwarzon fim, Maryam Booth kuma ta ci kyautar jaruma mai taimakawa. Wallahi a wurina wannan ta fi yawancin kambun da ake ɗaga wa a Instagram nauyi.

Sai Oscar ta Amurka, inda aka fi yin kuskure. Kowace ƙasa fim ɗaya take turawa a rukunin fina-finan ƙasashen waje, kuma dole fiye da rabin maganar da ke ciki ta zama ba Turanci ba. Dokar da ta kori Lionheart na Genevieve Nnaji ke nan a 2019. Bayan haka Najeriya ta tura The Milkmaid, wanda yawancinsa Hausa ne, sannan a 2024 ta tura Mai Martaba na Prince Daniel, wanda aka ɗauka a Daura, Adam A. Zango na ciki. A lura, turawa aka yi. Babu wanda ya shiga jerin waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, don haka mai ce maka fim ɗin Hausa ya "ci Oscar" ka gyara masa a hankali.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne, ka zauna a kowace majalisa a nan Rigachikun, daga bakin titin Zariya har wajen filin baje koli, ka tambayi matasa me suke kallo. Da wuya ka ji sunan waɗancan. Labarina na Aminu Saira za ka ji, da Izzar So na Lawan Ahmad, da Daɗin Kowa na Arewa24, ana bi mako-mako a YouTube ko a je wurin masu tura fim a waya. Da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22 a watan Mayun 2025, har da Labarina da Daɗin Kowa, surutun da aka yi a unguwarmu ya ninka na daren AMVCA sau ba adadi.