Daga Zaure Zuwa Wayar Salula: Tarihin Sirri a Arewacin Kamaru

Tun kafin zuwan Jamusawa Garwa a 1901, Fulani da Hausawan garin suna da hanyoyinsu na kare sirri. Baƙo yakan tsaya a zaure ya yi sallama, ba ya kutsawa cikin gida sai an yi masa iso. Shari'ar Musulunci ta haramta bin diddigin asirin mutane, kuma har yau idan Bahaushe ya roƙi rufin asiri, yana nufin kada halin da yake ciki ya fita waje.

Mulkin mallaka ya kawo sabon abu, wato rubutaccen bayani a hannun hukuma. Faransawa sun ƙidaya mutane domin haraji, suka kuma tilasta wa matafiya riƙon takardar izinin wucewa. Bayan samun 'yanci a 1960, gwamnatin Ahmadu Ahidjo, ɗan asalin Garwa, ta kafa dokar hana zagon ƙasa a 1962. Ƙarƙashinta, magana ɗaya da ɗan leƙen asiri ya tsinta tana iya kai mutum kurkukun siyasa na Tcholliré. Sai a 1990 aka soke ta, sannan tsarin mulkin 1996 ya jaddada alfarmar gida da sirrin wasiƙu.

Wayar salula ta sake tayar da batun. Hare-haren Boko Haram sun sa aka yi dokar yaƙi da ta'addanci a Disamba 2014, aka kuma tsaurara rajistar layukan waya a 2015. A Yulin shekarar aka kama Ahmed Abba, wakilin sashen Hausa na RFI, a Marwa. Kotun soja ta yanke masa ɗaurin shekara 10 a Afrilu 2017, bisa zargin da ya haɗa da ƙin kai rahoton 'yan ta'adda. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage hukuncin, aka sake shi a Disamba. Shari'arsa ta nuna yadda abin da ɗan jarida ya sani, da wayar da ke hannunsa, suke iya zama hujja a kansa.

A ranar 23 ga Disamba 2024 Kamaru ta samu dokarta ta farko da ta keɓanta da kare bayanan mutum, shekara guda da rabi bayan Nijeriya ta yi tata a Yuni 2023. Dokar ta shardanta neman yardar mutum kafin sarrafa bayanansa, ta ba shi ikon neman a gyara su ko a goge, ta kuma tanadi hukumar sa ido. An ba kamfanoni wata 18 su daidaita ayyukansu.

Ga ɗan kasuwar Garwa da ke tura kuɗi ta waya, lambarsa da sunansa da tarihin cinikinsa duk suna ajiye a rumbun kamfani. Amfanin dokar gare shi ya rataya ga 'yancin hukumar sa idon, da kuma bayyana masa haƙƙinsa da Fulatanci da Hausa, harsunan da yake ciniki da su.