Labarin Kuɗin Yuro da Baitulmalin Girka

'Yan makaranta, ku sani kuɗi ba su tsayuwa sai da amincewar jama'a, amincewar nan kuwa a baitulmali ake samunta, a can kuma ake zubar da ita. Ga misali daga ƙasashen Turai.

A shekarar 1992, a birnin Mastirik na ƙasar Holan, suka ƙulla alkawari za su yi kuɗi iri ɗaya, watau Yuro. Suka sa sharaɗi kada giɓin kasafin gwamnati ya wuce kashi 3 cikin 100 na abin da ƙasa ke samarwa a shekara. Ƙasashe 11 suka fara a 1999, Girka ta bi su a 2001. Amma a 2003 manyan gidan, Jamus da Faransa, suka ƙetare iyakar, ba a hore su ba.

Bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma na Girka ya yi yawa, an kuma ɓoye shi. A 2009 sabuwar gwamnati ta tona asiri, da aka sake lissafi giɓin ya haura kashi 15. A 2010 aka yarda a ranta mata Yuro biliyan 110, bisa sharaɗin ta ƙara haraji, ta rage albashi da fansho.

Nan fa zukata suka ɓaci. Bajamushe ya ce don me harajinsa zai biya ɓarnar wani, har aka kafa jam'iyyar ƙin Yuro a Jamus a 2013. Mutumin Girka kuwa ya ga a shekarar nan fiye da rubu'in masu neman aiki ba su samu ba.

Ran 5 ga Yuli 2015, bankuna na rufe, mutum ba ya cirar fiye da Yuro 60 a yini, aka yi ƙuri'a. Kashi 61 cikin 100 suka ƙi sharuɗɗan masu ba da rance. Duk da haka yawancinsu ba su so barin Yuro ba, gama sun ji tsoron in an komo da Dirakma, kuɗinsu na dā, gwamnati za ta yi ta bugawa har ajiyarsu ta narke. Bayan mako guda Firayim Minista Tsipras ya karɓi sababbin sharuɗɗa masu tsanani.

To, kun ga talaka ba hoton da ke jikin kuɗi yake dubawa ba, hannun da ke riƙe da baitulmali yake dubawa.