Daga Gizo Zuwa Ibro: Tarihin Dariyar Cikin Gida a Birnin Shehu

Maƙalar wannan makon ta faɗo kan abin da mu marubuta muka saba ɗauke wa kai. In ana zancen waƙoƙin masu jihadi ko Magana Jari Ce kowa yana da ta cewa, amma da an ambaci fim ɗin camama sai ka ga an taɓe baki, wai shirme ne na 'yan ƙauye. Alhali ka zaga gidajen Mabera ko Runjin Sambo ko Rijiyar Dorowa bayan sallar isha'i, ka saurari abin da ke sa mutanen gida ƙyaƙyatawa, za ka tarar shirmen nan ne dai. Abin da jama'a suka shekara talatin suna kallo tare da iyalansu ya isa a rubuta tarihinsa, kuma tarihin ya girmi kaset nesa ba kusa ba.

Kafin wutar lantarki, tsakar gida ita ce gidan kallo. Wanda ya san zafin Sakkwato na watan Maris zuwa Mayu ya san ɗaki ba ya kwantuwa, dole a fito da tabarmi waje. Nan ne kaka ko gwaggo za ta tara yara a yi gatana, wato abin da mutanen gabas ke ce wa tatsuniya. Ba kuma zato nake yi ba cewa ƙasar nan taska ce ta irin waɗannan labarai. Littafin nan mai juzu'i uku na Frank Edgar, Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda aka buga a Belfast tsakanin 1911 da 1913, tushensa rubuce-rubucen ajami ne da Manjo Burdon, Razdan na lardin Sakkwato, ya sa aka tattara, sannan Edgar ya ɗora nasa a kai. Malamai ne suka rubuta su da alƙalumansu, shekaru kaɗan bayan Turawa sun ci garin a watan Maris na 1903. Wannan ya nuna ko a garin malamai, malaman kansu sun san labarin Gizo, sun kuma iya ba da shi.

To wane ne Gizo? Malalaci ne, makwaɗaici, matsoraci, ga tsamin baki, ga ƙaryar tsiya. Ba ya noma amma shi ke fara cin sabon hatsi. Yana damfarar zaki da giwa da kura, wani lokaci har sarki, in asiri ya tonu ya haye rufin ɗaki ya bar Ƙoƙi da jin kunya. Babu uwar da ke son ɗanta ya zama Gizo, amma babu yaron da ke goyon bayan kura. Ku riƙe wannan siffa, za mu sake gamuwa da ita sanye da riga da hula.

Abin lura shi ne yadda magabata suka yi wa dariya shinge ba tare da sun kashe ta ba. Gatana ta dare ce, ana tsorata yaro cewa in ya yi ta da rana zai ɓace. Mai ba da ita kuma takan rufe da amincewa cewa ƙarya ta shirga. Tashe yana da lokacinsa, daga goma ga watan azumi, inda yara ke liƙa gemun auduga su kwaikwayi tsoho ko malami ko mijin da ya kasa riƙe gida, a shiga har tsakar gida a yi wa matan aure, a ba su hatsi ko 'yan kuɗi. 'Yan kama su ne suka fi ba ni mamaki. Mutum ya zauna kamar mai wa'azi, ya ɗauko muryar karatu, amma duk abin da yake jerowa tuwo ne da miya da nama. A ƙasar da ake girmama malami kamar tamu, an bar wannan sana'a ta rayu, saboda kowa ya san inda wasan ya tsaya. Haka wasan barkwanci tsakanin Bafillace da Babarbare, ko Bagobiri da Bayarabe, ko jika da kaka: an yarda ka faɗi maganar da in a wani bakin ta fito sai an kai ga alƙali.

Sinima ba ta taɓa samun wannan izini ba. Tun zamanin majigi, da Turawa ke yawo da shi a mota suna haska wa jama'a fina-finan noma da tsafta irin su Baban Larai, kallon allo abin waje ne, na dare, na maza. Gidan sinima kuwa sunan da ya yi a ƙasar Hausa kowa ya sani, ɗan mutunci ba ya son a gan shi a ƙofarsa, balle matar aure. Har yau akwai wurin da ake kira Sokoto Cinema a garin nan, yara da yawa suna faɗin sunan a bakin mai adaidaita ba tare da sun taɓa tunanin daga ina ya samo asali ba. Saboda haka ba ta ƙofar sinima wasan kwaikwayo ya shiga gidajenmu ba. Ta rediyo ya shiga, sannan talabijin.

Gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, a 1977 kuma gwamnatin soja ta haɗe tashoshin talabijin na ƙasar ƙarƙashin NTA. Daga nan kowane babban gari ya fito da gwaninsa. Kaduna na da Samanja Mazan Fama, wato Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne na gaske, yana kwaɓa Hausar bariki da Turanci. Akwai Ƙasimu Yero da Karambana. Jos na da Karkuzu na Bodara. Kano na da Kuliya Manta Sabo. Mu kuma NTA Sakkwato ta ba mu Idon Matambayi, ta ba mu Golobo.

A nan nake son mu ɗan zauna, domin a ganina wannan ne lokacin da Sakkwato ta fi kowane lokaci jin muryarta a akwati. Ku tambayi iyayenku yadda ake yi. Talabijin ɗaya ce a layi, baƙi da fari, a gidan wani ma'aikaci ko ɗan kasuwa. A fito da ita tsakar gida ko ƙofar zaure, yara a ƙasa, manya a kan benci, mata daga bakin ƙofar ɗaki. In NEPA ta ɗauke wuta a yi salati gaba ɗaya. Kuma abin da ke fitowa daga akwatin harshen gida ne tsantsa, da "munka" da "sunka" da "shina" da "mi na na", ba wanda ya gyara bakinsa don ya yi kama da na mai karanta labarai. Mai hankali a wasan da Sakkwatanci yake magana, wawan ma da shi, mai sarauta ma da shi. Don haka ba harshen ake yi wa dariya ba, halin mutum ake yi wa. Har mutanen Kano da Zariya da suka kalli Golobo sun san da wannan bambanci, ko da sun kwaikwayi maganarsa don tsokana.

Sai kaset ya zo ya sauya lissafi. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa. Cikin shekara goma Kano ta zama cibiya, 'yan kasuwar Bata da Ƙofar Wambai su ke yanke abin da za a kalla daga Maraɗi har Yola. Bidiyo ya yi abin da sinima ta kasa: ya kai fim ɗakin matar da ke cikin kulle, ta aiki yaro shagon haya ya karɓo mata, ta kalla da kishiyarta da maƙwabta. Masana'antar ta rabu biyu. Ga fina-finan soyayya masu rawa da waƙa irin na Indiya, waɗanda Sangaya ya buɗe wa kasuwa sosai. Ga kuma camama, mai arha, wadda ake ɗauka cikin 'yan kwanaki a ƙauye ko bayan gari, sau da yawa ba rubutaccen labari, a faɗa wa ɗan wasa abin da ake so ya ƙarasa da bakinsa.

Sarkin wannan fage shi ne Rabilu Musa Ɗanlasan, Ibro, wanda ya yi aikin gandiroba kafin ya koma wasa gaba ɗaya. Ku dubi irin mutumin da yake fitowa a matsayinsa: matalauci mai dogon buri, ga kwaɗayi, ga cika baki, ga gudu in ta yi zafi, kullum yana da dabarar da za ta watse a kansa, kullum akwai mata a gida da ta gaji da halinsa. Gizo ne da Ƙoƙi, ba ragi. Shi ya sa tsohuwar da ba ta fahimci abin da ya sa saurayi da budurwa ke tsalle a gindin bishiya ba take zama ta kalli Ibro har ƙarshe. Ta san shi tun tana yarinya.

Kuma shirmen nasa ba a banza yake ba. Duk abin da duniya ke magana a kai sai ya jawo shi ƙauye ya sa masa tsumma. Da waƙoƙin Awilo Longomba na Kwango suka cika gari, sai ga Ibro Awilo. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, sai ga Ibro Usama a 2002, daga baya ga Ibro Saddam. Malamai sun yi suka, 'yan boko sun yi tsaki, kaset kuwa ya ƙare a kasuwa. Abin da 'yan kama suka yi wa muryar wa'azi shi ya yi wa labaran BBC. Bambancin kawai, shi ba wanda ya shata masa lokaci da wuri kamar yadda aka shata wa tashe, kuma ya ɗanɗana kuɗar hakan. A 2008, lokacin da hukumar tace fina-finai ta Kano ke ƙarƙashin Abubakar Rabo Abdulkarim, kotun tafi-da-gidanka ta yanke masa wata biyu a kurkuku kan fim ɗin Ibro Aloko. Mutane da yawa sun danganta abin da waƙar Mamar, wadda aka ɗauka habaici ce ga irin yadin da gwamnan lokacin ke yawan sawa. Tsohon gandiroba ya koma gidan yari a matsayin fursuna. Ya rasu ranar 10 ga Disamba 2014, Allah Ya jiƙansa.

Ina son camama, kun dai ji. Amma akwai abin da ta karɓe mana wanda ba mu cika faɗa ba. Da kasuwa ta koma Kano, Sakkwatanci ya tashi daga harshen da ake wasa da shi ya koma rigar da ake sawa. In aka ji "awo" ko "mi kaka nuhi" a fim, to an kawo baƙauye ne, ko mai gadi, ko wanda za a damfara a tasha. Ba mu kaɗai ba, haka aka yi wa Bagwari da Bafillace da Inyamuri, kuma na san za a ce ai barkwanci ne, gadonmu ne. Gaskiya ne, sai dai barkwanci na gaskiya ramuwa gare shi: ka tsokane ni yau, in tsokane ka gobe. A nan kuwa kyamara tana hannu ɗaya. Sakamakon yana nan a bakin ƙannenmu. Yarinyar da aka haifa a Kanwuri za ta ɗauki bidiyo a waya ta maƙale harshe tana Kananci, don kar a ce mata 'yar ƙauye, a garin da aka kafa tun 1809, garin da sarakunan ƙasar Hausa ke zuwa gaisuwa.

Daga kaset aka koma faifan CD, daga nan sai shagunan masu tura fina-finai a waya, inda da kuɗi kaɗan za a cika maka memori da Bosho da Daushe da fassarar Indiya-Hausa ta su Algaita, wadda ita ma rabin daɗinta shaƙiyancin mai fassara ne. Arewa24 ta buɗe a 2014, kuma shiri irin Gidan Badamasi, na attajirin tsoho da 'ya'yansa masu jiran gado, ya ɗan dawo da zaman kallo na gida ɗaya. Ludo da karta da dara ba su mutu ba, musamman in babu wuta babu caji. Amma yawancin dariyar yanzu ta mutum ɗaya ce. Miji na gefe da wayarsa, mata na gefe da tata, kowa da abin sauraro a kunne, in ɗaya ya fashe da dariya sai ɗayan ya ɗago ya dube shi kamar ya taɓu. Ta wani ɓangaren kuma wayar ta karya ikon Ƙofar Wambai. Yaron da ke Arkilla ba ya buƙatar ɗan kasuwar Kano ya yarda da bakinsa kafin ya saki barkwancinsa, kuma muna ganin masu yin haka da Sakkwatanci ba kunya, jama'a na bin su.

Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Karkuzu a 2025. Tsararsu na nan garin, waɗanda suka yi wasa a NTA Sakkwato da Rima Radiyo, da masu ɗaukar hoto da masu shirya shirin, duk wanda ya rage a cikinsu ya manyanta. Shawarata ga 'yan ƙungiyarmu ta marubuta ita ce mu raba unguwanni, kowa ya nemi na kusa da shi, ya je da waya ya zauna da shi awa biyu: wa ya ƙirƙiro Idon Matambayi, a ina ake ɗauka, nawa ake biyansu, wane shiri ne ya taɓa jawo musu kira daga sama. A rubuta hirar yadda ta fito daga bakinsu, kar a mayar da ita daidaitacciyar Hausa. Kwafi ɗaya a kai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu, ɗaya a miƙa wa masu nazarin Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Ni na ɗauki Mabera da Minanata.