Gabatar Da Aikin Agaji Ga Masu Bayarwa: Misalin Gedambaliya Da Gadarif

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Abin da muke nufi da gabatar da aikin agaji shi ne bayanin da ƙungiya ko kwamitin masallaci ke yi wa mai dukiya, kafin ya bayar da kuma bayan ya bayar: mene ne ake buƙata, wa za a ba, nawa aka karɓa, ina aka kai shi. Tushensa amana ce da hisabi. Ya tabbata a Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi a kan zakkar da aka aike shi ya karɓo.

Yankin Da Buƙatunsa

Gedambaliya tana kusa da birnin Gadarif a gabashin Sudan, jihar da Hausawa da yawa ke zaune tun zamanin tafiya Hajji a ƙasa. A nan aka soma noman damina da motocin noma a shekarun 1940, har yankin ya zama rumbun dawa da riɗi na ƙasar. Amma nauyi ya yi masa yawa. A Nuwamba 2020 aka sake buɗe sansanin Um Rakuba saboda 'yan gudun hijirar Tigray daga Habasha. Yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, kwalara ta ɓulla a Gadarif a Satumbar shekarar, sannan faɗuwar Wad Madani a Disamba ta koro dubban iyalai zuwa jihar. Masu neman taimako sun yawaita, don haka mai bayarwa dole ya zaɓa.

Masu Bayarwa Iri Uku

Na farko manomi ne. Shi da buhu yake lissafi, kuma a lokacin kaka hannunsa ke buɗe. Sai a je masa kafin ya kai amfaninsa kasuwa, a ce masa buhu kaza zai ciyar da gida kaza na kwana kaza.

Na biyu ɗan'uwa mazaunin Saudiyya ko wata ƙasa, mai turo kuɗi ta manhajar Bankak. Ba ya ganin aikin da idonsa, saboda haka yana buƙatar shaidar karɓa nan take da rahoto kowane wata.

Na uku manyan hukumomin agaji. Su takardar rajista suke nema, da kasafin kuɗi a rubuce, da asusun da ba na mutum ɗaya ba.

Abin Da Bayanin Zai Ƙunsa

1. Buƙata guda ƙayyadaddiya. "A taimaki bayin Allah" bai kai "muna dafa wa masu zama a makaranta kaza abinci sau ɗaya a yini" ba.

2. Raba zakka da sadaka. Zakka tana da masu cinta kashi takwas, kamar yadda aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance. Amfanin da ruwan sama ya shayar ushiri ake fitarwa idan ya kai wusƙi biyar, kuma a mazhabar Malikiyya riɗi yana ciki. A Sudan hukuma ce, Diwanuz Zakat, ke karɓarta, don haka ƙungiya ta faɗi ƙarara cewa sadaka take nema.

3. Kuɗin ɗawainiya. A bayyana na mota, na niƙa, na gawayi. Ɓoye su ne ke haifar da zargi.

4. Abin da bai yiwu ba. Idan farashi ya tashi aka rage rabo, a faɗa.

5. Shaidu. Limami da dattawan unguwa su sa hannu a takardar rabo, a karanta ta bayan sallar Juma'a.

Abin Da Za A Guje Masa

Kada mu mai da mabuƙaci hajar talla. Ɗaukar hoton matar da ta miƙa kwano ba da izininta ba tozarci ne, kuma aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. A ɗauki hoton buhuna da tukwane da takardar rabo, sun isa hujja. Ƙarin gishiri a adadi kuwa ƙarya ce, kuma ranar da ta fito fili, har ƙungiyoyi masu gaskiya sai ta shafa.

Ɗakunan girkin jama'a da mutanen Sudan ke kira takaya sun tsaya ne a kan al'adarsu ta nafir, wato gayya a wurinmu. Mutum yana fita gayya ne don ya san mai gonar, kuma zai ga inda aka nome. Haka mai bayarwa yake.

Allah Ya kawo wa Sudan zaman lafiya, Ya ba mu ikon riƙon amana.