Kyamarar Mai Hoton Gwarzo

Yau ku yi mini haƙuri, zan ɗan jingine labarin soyayya in kawo muku tarihi, domin akwai abin da ya tsaya mini a rai tun bayan Babbar Sallah, na kuma san in ban rubuta shi ba ba zai bar ni in runtsa ba.

Ta'aziyya ce ta kai ni Gwarzo. Muna zaune kan tabarma bayan an shafa fatiha, sai hira ta biyo ta kan wani dattijo mai hoto da ya rasu shekarun baya, Allah Ya jiƙansa. Duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙauyukanmu na ƙasar Kabo a shekarun 1980 zai tuna shi: kekensa Raleigh, hularsa zanna, da wata baƙar jaka a rataye. Shi ya ɗauki mahaifiyata hoto ranar sunan ƙanwata, shekara guda kafin Allah Ya yi mata rasuwa, kuma ba ta da wani hoto a duniya sai shi. Wannan hoto gara ta cinye shi a cikin adaka tun ina firamare. Don haka kafin in hau mota na sa aka raka ni gidansa.

Babban ɗansa ya shiga ɗaki ya fito da kyamarar naɗe cikin tsohon rawani. Na share ƙura da bakin riga, sai ga suna ya fito: Yashica Electro 35.

"Malam, me za ka yi da wannan? Ai ta mutu tun kafin mai ita."

Na ce ya dai sa mata kuɗi. Na taya, ya yi albarka sau biyu don kada a ce bai yi ba, a na uku ya sallama. Abin da na biya bai kai kuɗin motata zuwa da komowa ba.

To bari mu koma baya, don mai karatu ya san ko mece ce na saya.

Hoto ya daɗe da shigowa ƙasar nan ta bakin teku. Tun kafin Turawa su ci Kano a 1903, akwai wani mutumin Bonny, Jonathan Adagogo Green, da ke sana'ar, shi ne ma ya ɗauki Sarkin Benin Ovonramwen a 1897 bayan Turawa sun kama shi. Mu nan Arewa sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, sannan sana'ar ta samu wurin zama, akasari a hannun baƙi daga Kudu. Kyamarar wancan zamani kuwa akwati ce mai ƙafa uku, mai hoto ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle, kai kuma ka ƙame kamar an dasa ka. Kakanninmu suka ga mutum ya lulluɓe kansa yana leƙen mutane, daga baya ya fito da kamanninsu fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Ina laifin wanda ya raɗa wa abin suna dodon hoto?

A 1925, shekarar da Yariman Ingila ya zo Kano aka yi masa hawan daba a zamanin Sarki Usman, a shekarar ne wani kamfani a garin Wetzlar na Jamus ya fitar da wata 'yar kyamara da za ta shiga aljihun riga. Sunanta Leica, wanda ya ƙago ta kuma Oskar Barnack, kuma da fim ɗin silima mai faɗin milimita 35 take aiki. Matsalarta ɗaya, sai mutum ya kintaci nisan abin da zai ɗauka, in ya kuskure hoto ya fito dishi-dishi. A 1932 suka sa mata ma'aunin nisa a jikinta. Daga nan wannan jinsi na kyamara mai auna nisa, wadda ni nake kira mai taga biyu, ya yaɗu.

Ga yadda abin yake, kuma wallahi hikima ce. Ka miƙa yatsanka gabanka, ka rufe idon dama, sannan ka buɗe ka rufe na hagu. Za ka ga yatsan ya yi tsalle. In abu na kusa tsallen da yawa, in yana nesa kaɗan ne. To ita ma tagogi biyu ne a goshinta, da 'yar tazara tsakaninsu. In ka leƙa za ka ga wani ɗan tabo ruwan ɗorawa a tsakiya, a cikinsa fuskar mutum ta rabu biyu. Sai ka riƙa murza zoben gilashi, wani ɗan madubi a ciki yana juyawa, har fuskokin nan biyu su hau kan juna su zama ɗaya. Shi ke nan, ka samu nisa, sai ka danna.

Leica dai ta masu hannu da shuni ce, har gobe. Tarayyar Sobiyet ce ta karya farashi: a 1934 aka fara kwaikwayonta a Kharkiv da sunan FED, a 1948 kuma Zorki ta biyo baya. Sai Japan ta shigo ta cika duniya. Canon ta fitar da Canonet a 1961, samfurinta na 1972 kaɗai an sayar da fiye da miliyan guda. Yashica ta fitar da Electro 35 a 1966. Manyan 'yan jarida tuni suka koma wa irin Nikon F ta 1959, wadda ake leƙe ta cikin gilashin kansa, sai masu taga biyu suka gangaro hannun talaka.

Lokacin ya kuma dace da namu. An yi Jihar Kano a 1967, kuɗin fetur ya shigo, aka yi rabon Udoji, aka buɗe makarantun UPE a 1976. Kwatsam sai kowa yana bukatar fasfo: ɗan makaranta mai jarrabawa, maniyyaci, mai neman aikin En'e, mai shiga soja. Alhazai kuma suna dawowa daga Jidda da rediyo da agogo da kyamara a cikin tsaraba. Akwati mai ƙafa uku ba ya hawa keke ya bi hanyar burji daga Gwarzo zuwa Getso, ko daga Garo ya kutsa ƙauyukan Kabo. Wannan kuwa a wuya ake rataya ta. Shi ya sa nake cewa ita ce ta kai hoto ƙauye, ita ce kuma ta kai shi cikin gida, domin matan kulle ba sa zuwa situdiyo, amma maigida kan yarda mai hoton da ya sani ya tsaya a tsakar gida ranar suna. Wasu gidajen malamai ko zaure ba ya wucewa, don suna ganin hoto haramun ne, shi kuma ba ya musu da kowa, sai ya yi gaba.

Yaran yanzu ba za su gane dalilin da ya sa hoton Ƙaramar Sallah kan iso wajen Zulƙida ba. Fim guda hoto 36 yake ɗauka, gwani kan matso 37 ko 38, kuma ba a buɗe bayan kyamara sai ya ƙare, in ba haka ba haske ya ƙone komai. Wanda aka ɗauka a farko dole ya jira na ƙarshe. In ya cika, mai kala sai an kai Kano wanki. Ka ba da rabin kuɗi, ka zauna jiran tsammani. Bayan 1986 da aka karya darajar naira abin ya ƙara tsanani. Da can naira na kafaɗa da kafaɗa da dala, zuwa 1987 sai ka ba da wajen naira 4 kafin a ba ka dala guda, fim da takarda da ruwan wanki kuwa duk daga waje suke. Daga nan mai hoto ya daina ɗaukar mutum sau biyu. In ka ƙifta ido, haka za a kawo maka kayanka kana barci a tsaye.

Wata masifar kuma ta irin wannan kyamara ce kawai. Tun da ba ta cikin gilashin ake leƙe ba, mutum zai iya mantawa da murfi a rufe, yana ganin jama'a tar, yana ta dannawa. Ɗan marigayin ya ce sau ɗaya hakan ta faru da babansa a wani ɗaurin aure, sai da ya yi wata biyu yana zagaye wannan ƙauye. Canonet ta fi wayo a nan, don ma'aunin haskenta na bakin gilashi, in murfi na rufe sai ta ƙi dannuwa. Yashica kuwa ba ruwanta.

Ƙarshen zamanin bai ɗauki lokaci ba. Wayar salula ta shigo a 2001, kyamarar dijital ta biyo, kamfanin fim na Agfa ya durƙushe a 2005, Kodak da kanta ta shiga kotun fatara a 2012.

A nan ne na yi wa ɗan tambayar da ta kawo ni. Na ce ina dodannin hoton da Baba ya tara? Ya ɗan sunkuyar da kai. Ya ce buhu biyu ne, yara sun daɗe suna ɗiba suna kallon rana da su, ragowar kuma da za a gyara ɗakin a sa amarya aka haɗa da shara aka cinna wuta. Ban ce masa komai ba, don ba da mugunta ya yi ba. A Bamako, Seydou Keïta da Malick Sidibé sun adana nasu a kwalaye, shi ya sa yau duniya ta san fuskar mutanen Mali na wancan zamani, har Sidibé ya karɓi babbar kyautar Venice a 2007. Namu fuskokin shekara ashirin na Gwarzo da Kabo, har da ta mahaifiyata, hayaƙi suka zama a bayan gida.

Gyara ya kai ni Sabon Gari. Shaguna uku da na sani duk sun koma sayar da caja da gidan waya. Da ƙyar aka nuna mini wani tsoho a lungu, yanzu agogo ya fi gyarawa. Ya ɗana ta a kunnensa ya saurara.

"Yaro, ba ka ji ba ta yi ƙwas ba? Robar cikinta ta narke."

Na ce, "Baba, za ta tashi kuwa?"

Ya ce in ba shi sati. Ashe akwai wata 'yar roba da ba ta kai ƙwayar wake ba, in ta lalace lissafin haske duk ya rikice. Ya yanko wata ya liƙa. Soson da ke tare haske a ƙofar baya ya zama kamar kwalta, ya kankare ya sa sabo. Ya wanke ƙurar hunturu daga tagogi, amma ya ce ɗan madubin nan mai ruwan ɗorawa ba a goga shi, in ka goge launin ka makantar da ita har abada. Batirinta na asali mai sinadarin makuri ne, an daina yinsa saboda guba, sai ya sa ƙarami mai bolt 6, ya naɗe shi da kwali, ya cike tsawon da sifirin. Ya gargaɗe ni kada in rufe ta a akwati da damina, gilashin zai yi furfura, kada kuma in bar fim a mota cikin zafin bazara.

Fim daga Legas aka aiko mini, baƙi da fari, kuma kuɗinsa ya fi na kyamarar.

Juma'ar da ta wuce na tafi ƙauyenmu wajen Gwaggo, yayar mahaifiyata, wadda kowa ke cewa kamarsu ɗaya. Tana ganin abin a wuyana ta gane shi. Ta ce in tsaya, ta shiga ɗaki ta canza zane, ta sa kwalli, ta fito ta zauna kan kujera 'yar tsugunno a gindin darbejiya ta haɗe hannuwa a cinya, ta ɗaure fuska kamar yadda ake yi da. Na duba murfi sau biyu. Na murza zobe har Gwaggo biyu suka zama ɗaya, na danna. Jikokinta suka yo kaina a guje wai in nuna musu, suna ta juya bayan kyamarar suna neman allo.

"Ku ƙyale shi," in ji Gwaggo. "Sai fim ya cika. Ɗan nan, ni ce ta nawa?"

Na duba lamba na ce ta huɗu.

Ta ce, "To, da saura."