Mustafa da Wasannin Taron Dangi

A shagona na gyaran waya a unguwar Gurda, nan Sabha, ba a rasa mai zuwa ya ce in saka masa "Mustafa". Yawancinsu magidanta ne: Larabawa, Tubawa, da 'yan uwanmu na Damagaram da Agadas. Sunan wasan na gaskiya Cadillacs and Dinosaurs. Kamfanin Capcom na Japan ya fitar da shi a 1993, shekarar da tashar CBS ta Amurka ta fara nuna katun ɗinsa. Katun ɗin kashi 13 ya yi ya mutu, wasan kuwa har gobe ana nemansa.

Konami ce ta buɗe kasuwar irin waɗannan wasannin katun na gidajen wasa a 1989 da wasan Kunkurun Ninja. Akwati ne tsayin mutum, allo a sama, ramin jefa kuɗi a ƙasa, da wurin tsayawar mutum huɗu. Yaro ya riga ya san Leonardo da Donatello a talabijin, don haka ba sai an yi masa talla ba, kuma mai gidan wasa kuɗin mutum huɗu yake kwasa a lokaci guda. A 1991 suka kawo The Simpsons, inda uwa ke duka da injin shara, Lisa da igiyar tsalle, gida guda an fito ƙwato jaririyar da aka sace. A 1992 sai X-Men, mai ɗaukar mutum shida a allo biyu da aka haɗa.

Don cin kuɗi aka gina su, wannan ba a ɓoye yake ba. Ogan ƙarshen mataki zai tsotse maka rai, lambobi su fara sauka, hannunka na lalube a aljihu. Amma abin da ya sa nake ƙaunarsu shi ne ba da abokinka kake faɗa ba, gefe guda kuke. Idan aka fasa ganga nama ya faɗo, wanda ransa ya kusa ƙarewa ake bar wa. Wanda ya yi zari ya ɗauke, ranar zai sha faɗa.

Mustapha Cairo, ɗaya daga cikin jaruman Cadillacs and Dinosaurs wanda ake kiran wasan da sunansa, baƙin mutum ne mai hula rawaya da koriyar riga, ya fi sauran ukun gudu, in ya zabura ya tashi da ƙafa sai maza sun zube. Mutum uku wasan ke ɗauka, kowa shi yake so.

Ni da sa'o'ina ba a akwati muka fara buga shi ba. A Afrilun 1992 Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana jirage shiga Libiya saboda rikicin Lockerbie, Sabha kuma tana can cikin hamada, nesa da gaɓar teku. Daga baya ya iso mana a faifan kwamfuta, mu biyu muna matse a kan madannai ɗaya. Capcom ba ta taɓa fitar da shi don na'urorin gida ba, kwafi ne ya raya shi. Allon lantarkin akwatin asali ma yana da ɗan batir da ke riƙe mabuɗin sirrinsa, in ya ƙare allon ya lalace sai an yi masa aiki.

Kasuwar ba ta daɗe ba. Street Fighter II ta 1991 ta sa abokai suka juya suna gwabzawa da juna, wanda aka kayar ya sake jefa kuɗi nan take, masu gidajen wasa kuma suka bi inda riba ta fi.