Son da Ba a Faɗa da Baki: Waiwaye a Karkarar Rimin Gado

Wanda ya bi titin Gwarzo daga Kano, ya wuce sabuwar Jami'ar Bayero, zai shiga ƙasar Rimin Gado: gona na jingine da gona, gida na hangen gida, daga Gulu har Karofin Yashi da wuya ka ga filin da ba mai shi. A wurin da kowa ya san kakan kowa, so ba ya ɓoyuwa, don haka mutanen dā suka shata masa hanyoyi.

Dandali ne mafari. Da kaka, an yanke gero, farin wata ya fito, 'yan mata na gaɗa, samari na gefe, mai kalangu na wasa su. Saurayi ba ya buɗe baki ya ce yana so. Toshi yake aikawa ta hannun ƙanwarsa, goro ko turare ko 'yan kuɗi ranar kasuwa. In ta karɓa, sai manya su shigo da gaisuwa da sa rana, shi kuma ya gayyato abokai su nome wa suruki gona.

Shaida mafi ƙarfi kan wancan zamani ta fito daga bakin wata tsohuwa, Baba ta Karo, da aka haifa a 1877 kusa da Zarewa, kan iyakar Kano da Zazzau. Tsakanin 1949 da 1950 ta zauna a Giwa tana ba wata Baturiya, Mary Smith, labarin rayuwarta, aka buga shi a Landan a 1954, shekara 3 bayan rasuwarta. Aure 4 Baba ta yi, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ba ta zauna ita kaɗai ba: dangi sun ba ta 'ya'ya riƙo, ta raine su, ta aurar. A ganina nan ne zuciyar al'adar take. Ba a barin mace da hannu wofi alhali 'yar'uwarta na da biyar.

Ta kuma yi dogon bayani kan ƙawance, wanda a wancan lokaci alkawari ne da ake ƙullawa da kyauta, dangi na sane. Ranar auren ɗaya, ɗayar ce a gefenta tun daga sa lalle. Ranar suna ta kawo biki, in nata ya zo a ninka mata. Ba mu kaɗai ke da wannan ba: a dā a ƙauyukan Hangari ta Turai, 'yan mata kan aika wa juna kwanon ƙwai da waina ranar Lahadin da ke bin bikin Ista, su zama aminai har mutuwa.

Sai kunya, wadda baƙo kan ɗauka rashin ƙauna ce. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Amma ka dube ta da asuba tana juye ɗumame, tana tura masa ɓangaren da ya fi mai ta hannun ƙaninsa, ta rufe da faifai, ta kau da kai. Mace kuwa ba ta kiran sunan mijinta, sai ta ce "Malam" ko "maigida" har tsufa. Abin da uwa ta haɗiye, kaka ce ke furta shi, tana tsokanar jikanta da "mijina". Mai cikin fari kuwa gida take komawa goyon ciki, in ta haihu tsofaffi su yi ta dafa mata ruwan wanka da kunun kanwa kwana 40.

Baki ya buɗe ne da zuwan littattafan soyayya na Kano: Budurwar Zuciya na Balaraba Ramat Yakubu a 1987, sai In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Suka bi motocin kasuwa har karkara, 'yan mata na karɓar aro suna karanta wa juna a tsakar gida, iyayensu na surfe suna saurare, ba wadda ta ɗaga kai.